Takubban zamani masu samfurin Kudu maso Gabashin Asiya: Abin da ke ɓoye a cikin ƙota

A watan Agustan 2012, hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta ba da sanarwar janye wata adda daga kasuwa. Kamfanin Gerber ne ya fito da ita, ya laƙaba mata sunan Bear Grylls, Baturen Ingilan nan da ya yi fice a shirye-shiryen talabijin na rayuwa a daji, kuma adadin da aka janye ya haura 100,000. Samfurinta na parang ne, wato addar da mutanen Malesiya da tsibirin Borneo suka daɗe suna ratsa kurmi da ita. Dalilin janyewar gajere ne: akwai rauni a daidai inda ruwan ƙarfen ya haɗu da ƙota, har yakan karye ana tsakiyar sara.

Wanda ya ga addar a hoto ba zai sami abin kushewa ba. Lanƙwasar ta fita, tumbin ruwan ya fita, ga kube mai kyau. Abin da ya gaza yana can cikin robar mariƙi, inda idon mai saye ba ya kaiwa. Wannan ita ce matsalar da ke tattare da duk wani takobi ko adda na zamani da aka kwaikwayo daga ƙirar mutanen Kudu maso Gabashin Asiya: kwaikwayon siffa abu ne mai sauƙi, kowace masana'anta za ta iya, amma dalilan da suka sa maƙeran asali suka yi siffar haka ba kowa ne ke tsayawa ya fahimce su ba.

Kasuwar irin waɗannan makamai ta bunƙasa a 'yan shekarun nan. Finafinai sun taimaka, tun daga sandunan da Bruce Lee ya juya a fim ɗin Enter the Dragon na 1973 har zuwa The Raid na Indonesiya a 2011, sannan ga gasar maƙera ta talabijin, Forged in Fire, wadda aka fara a 2015. A yau mutum na zaune a ofis a Abuja zai iya ganin ɗaruruwansu a intanet, kowanne da farashinsa. Ma'aikatan da ake turawa kwas ko taro a Kuala Lumpur, Jakarta, Manila ko Bankok kuwa, da wuya su dawo ba su ci karo da su ba, ko a shagon tsaraba, ko a cikin akwatin gilashi da mai masaukin baƙi zai miƙa wa shugaban tawaga.

Kayan gona ne kafin su zama kayan yaƙi

Bahaushe ya raba takobi da adda. Takobi na sarauta ne da hawa, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, ana rataya shi a kafaɗa. Adda kuwa ta gona ce da saran itace. A yawancin ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya iyakar ba ta fito fili haka ba. Bolo na Filifin, golok na Jawa, parang na Malesiya da dha na Bama duk suna tsakanin biyun: da safe a sare gora da su, a fasa kwakwa, in yaƙi ya taso kuma su ne a hannu. Da bolo da yawa daga cikin mayaƙan ƙungiyar Katipunan suka tunkari sojojin Sifaniya a juyin juya halin 1896, domin bindigogi sun yi musu ƙaranci.

Su ma rundunonin Turawan mulkin mallaka ba su daɗe a yankin ba suka gane dogon takobin Turai bai dace da kurmi ba. Holan ce ta fara koyon darasin da tsada, a yaƙin Aceh da ta fara a 1873 a arewacin tsibirin Sumatra. Mayaƙan Aceh sukan fito daga duhuwa kwatsam da takobinsu mai suna klewang, kafin soja ya saita doguwar bindigarsa an gama da shi. A 1890 aka kafa wata runduna ta musamman mai ƙananan ƙungiyoyi, aka ba kowane soja gajeriyar bindiga da klewang, wanda daga baya aka riƙa ƙerawa a masana'anta: ruwa mai kimanin santimita 60, da garkuwar hannu irin ta Turai. Wannan yana cikin misalan farko na takobin zamani da aka ɗora bisa samfurin yankin, kuma har yau wasu rundunonin Holan na rataya shi a faretin girmamawa.

Amurka ta bi sahu bayan yaƙinta da Filifin na 1899 zuwa 1902, ta ƙera wa sojojinta bolo samfurin 1909 da na 1917. Birtaniya kuma, bayan yaƙin sunƙurun Malaya na 1948 zuwa 1960, ta mayar da golok addar sojojinta ta daji. Kamfanin Martindale na Ingila na cikin masu ƙera ta, kuma manomin Afirka ta Yamma ya san wannan kamfani ko da bai san sunansa ba, domin shi ne mai addar nan mai tambarin kada. Sai dai sojojin da suka san daji da yawa sun fi son su sayi parang a hannun maƙerin ƙauye. John Wiseman, tsohon sojan rundunar SAS, ya yaba wa parang a littafinsa na dabarun rayuwa a daji da ya fito a 1986, inda ya nuna cewa kaifinsa kashi uku ne: wajen tsini don fiɗa, tsakiya mai kauri don sara, kusa da ƙota kuma mai laushi don sassaƙa. Injin masana'anta yakan wasa kaifin duka iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Nijeriya ma tana da nata rabon a wannan tarihi. Sojojin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma adda na cikin kayan da ba sa rabuwa da su. Da ita Runduna ta 81 ta buɗe hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 zuwa kwarin Kaladan. Sunayen barikin Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, da Myohaung da Arakan a Legas duk daga wancan fagen daga suka samo asali.

Ginunting, takobin da ya sunkuya gaba

A cikin takubban yankin da ake ƙerawa sababbi a yau, kaɗan ne suka kai ginunting farin jini a wurin masu saye daga ƙetare. Asalinsa tsibiran tsakiyar Filifin ne, musamman Negros da Panay. Sunan ya fito daga gunting, wato almakashi, saboda ruwan ya yi kama da ɓari ɗaya na almakashi. Tsawon ruwan kimanin rabin mita ne, kuma abin da ya bambanta shi da takubban da aka saba gani shi ne alƙiblar lanƙwasarsa. Takobin Larabawa ko na sojan doki na Turai yakan lanƙwasa baya, kaifin yana waje. Ginunting gaba yake sunkuyawa, kaifin yana ciki, kamar lauje da aka miƙar saura kaɗan.

Wannan sunkuyawa tana da aiki. Ruwan da ya lanƙwasa baya zamewa yake a kan abin da ya sara, yana yanka yana wucewa. Wanda ya sunkuya gaba kuwa kama abin yake, ya jawo shi cikin kaifi, shi ya sa reshe ko kurangar daji ba ta kuɓuce masa. Tsinin kuma yana sauka ƙasa da layin ƙota, ta yadda mai riƙe da shi ba sai ya karya wuyan hannu ba kafin tsinin ya fuskanci gaba. Sau da yawa akan wasa bayan ruwan daga wajen tsini, a samu kaifi na biyu gajere.

Shaharar ginunting tana da alaƙa da wata makarantar wasan makami mai suna Pekiti-Tirsia Kali, ta iyalan Tortal na lardin Negros Occidental, wadda ke danganta kafuwarta da shekarar 1897. Leo Gaje, jikan Conrado Tortal, shi ne ya fita da ita duniya. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 rundunar leƙen asiri ta zaratan sojojin ruwan Filifin ta ɗauki tsarin makarantar a horon gaba da gaba, ginunting kuma ya zama takobinta. Ba wanda ke tsammanin takobi ya maye gurbin bindiga a yaƙin zamani, amma sojan da ke sintiri a dazuzzukan Basilan da Sulu dole ya riƙe abin share hanya, kuma idan abin share hanyar yana iya kare rai a wuri mai ƙunci, ya rage wa kansa kaya.

Masu talla sun gane darajar wannan labari. Kusan duk ginunting da ke intanet za a ce irin na sojojin ruwa ne. Maganar ba ta tabbatar da komai game da wanda ke cikin kwalin ba.

Ƙarfe, wuta da wutsiya

Maƙerin Filifin, wanda suke kira panday, kayan aikinsa ba su da nisa da na maƙerin Kano ko Bida: gawayi, zugazugi, uwar maƙera, masaba da awartaki. Garuruwa irin su Tabaco a lardin Albay da Pozorrubio a Pangasinan sun yi suna a wannan sana'a, kamar yadda Aranyik ta yi a Tailan, Bidor a Malesiya, Ciomas da Cibatu kuma a Jawa. Ƙarfen da akasarinsu suka fi amincewa da shi shi ne tsohon sifirin mota, wanda 'yan Filifin ke kira molye. Zaɓin ba na talauci kaɗai ba ne. An yi sifiri ne don ya lanƙwasa sau dubbai ya koma yadda yake, kuma wannan hali shi ake nema a dogon ruwa. Kamfanonin zamani da suka san abin da suke yi sukan sayi sabon ƙarfe na dangin nan, mai lamba 5160, wanda sinadarin kabon ɗinsa kimanin kashi 0.6 cikin ɗari ne, ko kuma 1075 da makamantansa. Fifikon sabo a kan tsoho shi ne, tsohon sifiri yana iya zuwa da tsagar da ido ba ya gani, wadda ya samu a shekarun da ya yi a ƙarƙashin mota.

Mai saye da bai sani ba yakan ruɗu da ƙarfen da ba ya tsatsa. Yana sheƙi, ba ya buƙatar mai, ga araha. Irin wannan ƙarfe yana ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na sinadarin kuromiyom, kuma ya dace da wuƙar kicin. A ruwa mai tsawon rabin mita da za a riƙa dukan itace da shi kuwa, nau'insa mai araha gautsi gare shi: maimakon ya lanƙwasa, sai ya tsinke, gutsuren ya tashi inda ya ga dama. Takobin da aka rubuta wa cewa ba ya tsatsa, mazauninsa bango.

Bayan ƙarfe sai wuta. Akan gasa ruwan har ya haura digiri 800, a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi a wuta mai sauƙi don a rage masa gautsi. Maƙeran gargajiya da yawa kaifin kaɗai suke tsomawa, su bar bayan da laushi. Kaifin ya riƙe wasawa, bayan kuma ya shanye duka. Masana'anta takan taurara ruwan gaba ɗaya a ma'auni ɗaya, yawanci hamsin da wani abu a ma'aunin Rockwell. Kowace hanya tana aiki idan an yi ta daidai. Mai sayarwar da ya kasa faɗin irin ƙarfen da kuma taurin da aka ba shi, ko dai bai sani ba, ko ba ya so a sani.

Sai kuma wurin da addar Gerber ta gaza. Kowane takobi yana da wutsiyar ƙarfe da ke shiga cikin ƙota. A parang da golok na gargajiya wutsiyar gajeriya ce: a huda itace ko ƙahon ɓauna, a zuba ƙaron itacen damar, a cusa ta da zafinta. Baturen da ya saba da wuƙa mai ƙusoshi yakan ga wannan a matsayin aibi, amma akwai hikima a ciki. Ƙotar ba ta da nauyi, don haka nauyin yana gaba inda ake sara, kuma girgizar duka ba ta isa tafin hannu sosai, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai yini yana aiki. Manomin ya san ƙotarsa za ta yi sako-sako wata rana, yana duba ta kullum, in ta motsa ya sake kafa ta da yamma. Wanda ya saya ta intanet bai gaji wannan ɗabi'a ba.

Saboda haka masu ƙirar zamani suka koma ga wutsiya mai faɗin ƙota, a ɗora itace ko roba gefe da gefe a ɗaure da ƙusoshi, ko kuma doguwar wutsiya da ke ratsa ƙotar a daddaƙe ƙarshenta, kamar yadda maƙeran tsibirin Luzon suka saba yi tun da. Ga baƙon hannu wannan ya fi aminci, ko da yake yana ƙara nauyi a baya, yana kuma sauya yadda takobin ke tafiya a iska. Mafi muni shi ne na uku, wanda ya cika shagunan tsaraba: siririn rodi da aka yi wa walda a gindin ruwan, aka ɗaure da noti. Sara ɗaya mai ƙarfi ya isa ya raba su, mutum ya tsaya da ƙota a hannu, rabin mita na kaifi kuma yana tafiya cikin iska.

Akwai wani ƙaramin abu da masu saye ke mantawa. Addunan tsibiran tsakiyar Filifin da yawa gefe ɗaya ake wasa su, ɗaya gefen a bar shi a shafe kamar kurfi. Irin wannan akwai na dama, akwai na hagu. Bahago da ya ɗauki na dama zai ga ruwan yana gocewa a kowane sara.

Keris: wanda ake bayarwa kyauta

Wanda jami'in gwamnati ya fi yiwuwar samu a hannunsa ba ginunting ba ne, keris ne, wuƙar nan mai ruwa kamar tafiyar maciji, wadda Indonesiya da Malesiya da Burunai ke ɗauka alamar martaba. Hukumar UNESCO ta ayyana keris na Indonesiya cikin gadon ɗan Adam a 2005. Lanƙwasarsa kullum mara ce, uku, biyar, bakwai, zuwa sama, wasu kuma miƙaƙƙu ne. Zanen da ke jikin ruwan, wanda ake kira pamor, yana fitowa ne daga ninka ƙarfe iri biyu, ɗaya mai sinadarin nikel, a yi ta duka ana ninkawa. Ango a Jawa yakan soke shi a bayan ɗamara ranar aure. Darajarsa a siyasa ma ba ƙarama ba ce: a watan Maris na 2020 Holan ta mayar wa Indonesiya keris na Yarima Diponegoro, jagoran yaƙin Jawa na 1825 zuwa 1830, daidai lokacin ziyarar Sarki Willem-Alexander. Har yanzu ana ƙera sababbi da yawa, musamman a ƙauyen Aeng Tong-tong da ke Sumenep a tsibirin Madura.

Keris na Jawa ba abin sara ba ne. Wutsiyarsa siririya ce, zagayayya, zare ko ƙyalle kawai ake naɗa mata a cusa cikin ƙota. Kuma baƙin da ke fito da zanen pamor ana samun sa ne da ruwan lemun tsami haɗe da sinadarin arsenik, wanda guba ne, don haka ba abin yanka tuffa ba ne, ba kuma abin ba yara su taɓa ba. Ɗan'uwansa na Musulmin kudancin Filifin, wanda ake kira kalis, shi ne takobin yaƙi sosai, mai tsawo da nauyi, da maɗaurin ƙarfe da ke haɗa ruwa da ƙota.

A nan akwai abin da ya shafi hadiman manya kai tsaye. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya ce kyautar da aka ba jami'in gwamnati a wani taro na hukuma ko na biki ana ɗaukar ta kyauta ce ga hukumar da yake wakilta. Keris ɗin da aka miƙa wa minista a Jakarta kayan ma'aikata ne, wurinsa rajistar ofis, ba falon gida ba. Wanda kuma ya saya da kuɗinsa, ya kula da shekarun abin. Dokar kayan tarihi ta Indonesiya ta 2010 da takwararta ta Filifin ta 2009 duk sun sa ido a kan kayan da suka kai shekara 50, fitar da irinsu na buƙatar izini. Tsofaffin ƙotoci kuma wasu na hauren giwa ne, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun bayan matakin da yarjejeniyar CITES ta ɗauka a 1989. Ta wannan fuska sabon ƙira, da rasiɗinsa, ya fi kwanciyar hankali.

Doka ba ta duban kyawun ƙira

Ƙasashen da suka haifi waɗannan makamai su ma suna da doka mai tsanani a kansu. A 1951 Indonesiya ta kafa dokar ta-ɓaci mai lamba 12, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga wanda ya riƙe makami mai kaifi ba bisa ƙa'ida ba, amma ta ware kayan noma, kayan aikin gida da kayan gado. Filifin ta hana fita da shi daga gida sai ga wanda sana'arsa ta buƙata. Malesiya tana da dokarta ta 1958 a kan yawo da makami a bainar jama'a. Ingila kuwa tun a watan Afrilun 2008 ta haramta sayarwa da shigo da lanƙwasasshen takobi mai ruwan da ya kai santimita 50, in ban da wanda aka ƙera kafin 1954 ko wanda aka yi da hannu ta hanyar gargajiya. Ginunting na masana'anta yana iya faɗawa cikin wannan ma'auni, abin lura ga wanda zai yada zango a Landan.

A Nijeriya, dokar fashi da makami ta lissafa adda da wuƙa da mashi a cikin muggan makamai, Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 ta hana zuwa taro ko jerin gwano da su, Dokar Zaɓe ma ta hana a wurin gangami da rumfar zaɓe. A ƙasar da ta sha fama da 'yan daba da 'yan sara-suka, ɗan sandan da ya buɗe but a shingen hanyar Kaduna da dare ba zai tsaya sauraron tarihin Negros ba. Jirgin sama ba ya yarda a shiga da shi a jakar hannu, kuma ya fi dacewa a tuntuɓi hukumar kwastam kafin a biya kuɗi, ba bayan kaya sun iso ba. Wanda ke tunanin ajiye shi a mota don kare kai ya sani cewa a hannun da bai sami horo ba, mai shi da fasinjansa ne suka fi kusa da kaifin.

Sanda kafin ƙarfe

A Filifin ba a fara wa ɗalibi da ƙarfe. Wasan arnis, wanda ake kuma kira kali ko eskrima, kuma dokar da aka sa wa hannu a watan Disambar 2009 ta mayar da shi wasan ƙasa, da sandar ratan ake koyon sa. Ratan kurangar daji ce mai kama da gora, sai dai cikinta a cike yake, kuma idan ta gaji tsefewa take yi, ba ta fashewa ta watsa tsinke. Sandar kimanin santimita 70 ce. Makarantu da yawa sun kasa sara zuwa kusurwa 12, ɗalibi ya yi ta maimaitawa tare da takun ƙafa da sanin inda hannun da ba ya riƙe da komai zai tsaya. Daga sanda a koma takobin alminiyom marar kaifi. Mai kaifi shi ne na ƙarshe, kuma shi kaɗai mutum ke juya shi, ba da abokin wasa ba.

Dalilin wannan jinkiri a fili yake ga duk wanda ya taɓa share gona. Sara ba ya tsayawa inda aka nufa. In ya wuce reshe, ƙauri ko gwiwa yake nema, kuma ruwan da ya sunkuya gaba yana riga hannu isa. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya janye ƙafar da ke kan hanyar saran. Kuben katako ma yana da nasa haɗari: ɓari biyu ne aka haɗa aka ɗaure da ratan, kaifin na iya leƙowa ta tsagar, don haka ta wajen baya ake riƙe shi yayin zarewa. Masu gwada kaifi sukan yi amfani da ɗanyen gora, kututturen ayaba ko gorar roba cike da ruwa, a fili, ba kowa kusa. Busasshen katako da ƙarfe ɓata kaifi kawai suke yi.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, amma ba ta son mantuwa. Ƙarfe mai kabon yana tsatsa daga gumin yatsa kaɗai, balle ruwan itace. A goge shi bayan kowane aiki, a shafa masa ɗan man keken ɗinki. Man girki yakan yi danƙo ya yi wari. Kuben fata yana riƙe laima, bai kamata takobi ya yi damina a ciki ba. Wajen wasawa, dutse ko magagari mai laushi ya wadatar. Injin gurza yana zafafa kaifin har ya warware taurin da maƙeri ya ba shi.

Yanayin Abuja yana da nasa sharaɗi. Itacen kamagong da ƙahon ɓauna da ake ƙota da su sun fito ne daga ƙasar da laima ba ta yankewa duk shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busar da komai, itacen yakan tsuke, ƙaho ya tsage, zoben gindin ƙota ya fara juyawa, kube kuma ya saki ko ya matse ruwan. Ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana ma haka yake yi musu. Shafa wa ƙota da kube man itace kafin sanyi ya shigo yana rage ɓarnar. Kafin kowane amfani kuma, a riƙe ƙotar a bubbuga bayan ruwan da tafin hannu: in an ji ƙara ko motsi komai ƙanƙantarsa, a ajiye shi sai maƙeri ya duba.